KUƊIN KAMA GURBI DA MAKWANCIN SABON ƊALIBI

A kowace shekara idan jami'o'in ƙasar nan suka fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, murnar iyaye ba ta daɗewa. Tun yaro bai haɗa kayansa ba, sai a ce ya biya kuɗin kama gurbi, watau shaidar ya amince da wurin da aka ba shi. A jami'o'i da yawa wannan kuɗi dabam ya ke da na rajista, ba a kuma mayar da shi. To, abin tambaya a nan shi ne, me yaron ya saya da shi?

Tun 2017 hukumar JAMB ta fito da tsarin CAPS, inda ɗalibi ke karɓar gurbinsa ta intanet ba tare da ya ba jami'a ko kwabo ba. A 2019 kuma Majalisar Wakilai ta nemi a soke wannan kuɗi, amma maganar ta bi ruwa. Hukumomin jami'a na da tasu hujja: abin da gwamnati ke ba su ba ya isa, ga kuɗin lantarki da man janareta, kuma akwai masu riƙe gurbi su ƙi zuwa. Duk an ji. Amma ko a kasuwa, wanda ya ba da kafin alƙalami ya san kayan da aka ajiye masa, kuma ranar ciko za a cire abin da ya bayar.

Abin da ya kamata a ajiye wa sabon ɗalibi kuwa shi ne gado. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a ƙarƙashin Farfesa Mahmud Yakubu ya gano a 2012 cewa kimanin ɗalibi ɗaya ne cikin goma ke samun makwanci a jami'o'in gwamnati. Idan aka buɗe shafin rabon gadaje, kafin wani ya samu sabis a ƙauyensu an gama rabo. Sai yaron da bai taɓa barin gaban iyayensa ba ya sauka a tasha da akwati a ka, bai san inda zai kwana ba. Ko dai ya raɓa da wani ɗan garinsu a ɗakin da aka gina don mutum huɗu amma takwas ke ciki, ko ya sayi gado a hannun tsohon ɗalibi da ninkin kuɗinsa, ko ya shiga unguwa neman haya, inda mai gida zai nemi kuɗin shekara a dunƙule.

Lamarin ya fi tsanani ga 'ya'ya mata. Uban da ya yarda 'yarsa ta tafi Zariya saboda ya ji akwai ɗakunan Amina, masu ƙofa da mai gadi, ba lalle ne ya yarda ta kama ɗaki ita kaɗai a Samaru ba. A nan Arewa, inda aka sha wahala kafin a shawo kan iyaye game da ilmin mata, rashin gado kaɗai ya isa ya mayar da yarinya gida, kuɗin kama gurbin kuma ya tafi ke nan.

Kada a ɗauki ci da kwanan ɗalibi ƙaramin abu. A watan Afril na 1978, zamanin da Kanar Ahmadu Ali ke Kwamishinan Ilmi na Tarayya, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abinci ne ya tada tarzomar da ta ci rayuka a Ikko da Zariya.

Ba mai cewa a gina ɗakuna dubu cikin dare ɗaya. Amma tsara rabon waɗanda ake da su ba ya bukatar siminti. Lalle ne kowace jami'a ta bayyana adadin gadajenta tun kafin ta karɓi kuɗin kowa, ta fara da sababbin ɗalibai, musamman mata da naƙasassu da waɗanda suka fito daga nesa. Kuɗin kama gurbi kuwa, in har ba za a soke shi ba, a lissafa shi cikin kuɗin ɗaki. Wanda bai samu gado ba a cire masa daga na rajista, a kuma sanar da shi tun yana gida, domin ubansa ya san shirin da zai yi kafin ya sa shi a mota.