Sabunta Tsofaffin Manhajojin Bankuna: A Bi A Sannu

Har yanzu bankuna da ma'aikatu da dama a duniya suna lissafinsu da manhajojin da aka rubuta da COBOL, harshen kwamfutar da aka ƙirƙiro a 1959, ga shi kuma masu iya gyara su suna ta yin ritaya. A 2020 sai da gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya yi cigiyar masanan COBOL, sa'ad da masu neman tallafin rashin aiki suka fi ƙarfin tsarin jihar. Saboda haka sabuntawa ta zama wajibi.

Sai dai tsohuwar manhaja rumbu ce ta ƙa'idojin ciniki na shekaru aru-aru, waɗanda galibi ba a rubuta su a wani wuri ba. A 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe asusun masu ajiya zuwa sabon tsari a lokaci guda. Jama'a suka kasa taɓa kuɗinsu, hukumomi kuma suka ci bankin tarar fam miliyan 48 da ɗoriya. Masu ajiya a wasu bankunan Nijeriya sun sha irin wannan wahala a 2024.

Abin da ya dace shi ne a sauya sashe-sashe, ana gwada sabo da tsoho tare har lissafinsu ya zo ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.