Wasiƙa Zuwa Ga Marubutan Jos: A Karanta, Sannan A Zauna

'Yan'uwa marubuta na cikin Jos da kewaye, manyanmu da ƙananmu, maza da mata.

Akwai wani sakaci namu da nake so mu duba. Rubutu kam muna yi, karatu ma ba laifi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutum biyar ko shida su karance littafi guda, su sa rana, su zauna su baje shi a faifai.

Kada wani ya kawo mini zancen bikin ƙaddamarwa. Mun san yadda ake yi: a cika ɗakin taro, mai sharhi ya yabi marubuci har da kakanninsa, babban baƙo ya sayi kwafi da kuɗi mai tsoka, a tafa, a watse. Na WhatsApp ma haka yake. Marubuciya ta saki babi, sai "Allah ya ƙara basira" da "muna jiran ci gaba" su yi ta zuba. Addu'a ce mai kyau, amin. Sai dai ba za ta nuna mata cewa tauraruwar labarinta ta sauya hali a tsakiyar littafi ba gaira ba dalili.

Kuma zaman nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san bayan malam ya biya, ɗalibai kan koma gefe su yi muraja'a, su yi ta ja-in-ja kan mas'ala guda har sai ta zauna. A fagen ƙagaggen labari ma Kano ta nuna mana hanya. Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba sun haɗu a ƙungiyar Raina Kama. Da littattafan soyayya suka cika gari a shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi ya soke su da sunan adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu, Ibrahim Sheme kuma ya buɗe wa muhawarar fili a jaridar New Nigerian. An yi zafi, an sosa wa juna rai. Amma a ganina wannan ce-ce-ku-ce ta fi ƙaddamarwa ɗari amfani, domin ita ta tilasta wa malaman jami'a karanta littattafan da suke rainawa.

To mu fa? Abubakar Adam Ibrahim haifaffen garin nan ne, a Jami'ar Jos ya yi karatu, kamar Helon Habila. A 2016 littafinsa Season of Crimson Blossoms ya ci gasar adabi ta NLNG mai dala 100,000. Mun yi ta taya murna. Mu nawa ne muka zauna muka yi gardama kan Hajiya Binta, bazawarar da ta faɗa soyayya da matashi ɗan daba, ko kan yadda rikicin Jos ya bi mutanen labarin har inda suka koma? Littafin da ya taɓo mikinmu ke nan, muka bar wa mutanen Legas da Landan tattauna shi.

Tun rikicin 2001, da na 2008 da 2010, gari ya rabu, kowa ya san unguwar da yake jin nauyin shiga. Duk da haka Hausa ce har gobe ke haɗa Bahaushe da Birom da Anaguta da Afizere a kasuwa da tasha. Saboda haka ku zaɓi wurin da kowa zai zo da kwanciyar hankali, kamar harabar jami'a ko gidan tarihi, kuma ku sa Asabar, kada a shiga haƙƙin mai Juma'a ko mai Lahadi. Ba taron sulhu nake kira ba. Littafi za a je yi, sauran ya biyo baya in Allah ya so.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne tsarin magana. Ƙananan cikinku su fara. Mun san halinmu: da zarar babba ya ce littafi ya yi, yaro ba zai iya musa masa a gaban jama'a ba, shi ke nan zama ya mutu. In marubucin yana wurin, ya kame bakinsa sai kowa ya gama. Abin da bai fito a takarda ba, bayanin baki ba zai cece shi ba. Mai suka kuma ya nuna shafi, ya ce ga inda zaren ya tsinke, ya bar zancen wane ne mai littafin da inda ya fito. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda bai karanta ba ya zo, marhabin, amma kunne ya kawo.

Ku riƙa gauraya tsoho da sabo. Wannan wata Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar, 'ya'yan gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wata mai zuwa littafin ɗayanku ko labaran gasar Hikayata. A fara bayan la'asar a tashi kafin magariba, don mata su samu zuwa, tunda su ne suka fi mu rubutu da karatu. Littafi ya yi tsada, gaskiya ne, to a haɗa kuɗi a sayi kwafi biyu a riƙa miƙawa, kada a yaɗa na ɗan'uwa kyauta a waya.

Ba sai an kafa ƙungiya da shugaba da ma'aji ba. Don Allah duk wanda wasiƙar nan ta isa gare shi ya nemi abokai huɗu, su tsai da littafi, su sa ranar zama kafin watan nan ya ƙare.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku a alƙalami, daga Jos.