Martani: Kujerar Kwamiti Ba Ta Neman Suna Ba Ce

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce masu zama a kwamitocin ƙungiyoyin ci gaban Zuru suna kawai suke nema, wai a bar wa gwamnati komai. Wannan magana ba ta kama hankali ba.

Ƙasar da samarin Dakarkari suka gaji golmo, suna haɗa ƙarfi su nome gonar surukai shekara da shekaru, ita za ka koya wa zaman jiran Birnin Kebbi? Lokacin da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba, maƙwabta ne suka fara buɗe ɗakuna, suka auno dawa daga rumbunansu.

Je ka ga ma'ajin ƙungiya bayan sallar isha'i, da rasit da littafin shiga da fita, yana lissafa kuɗin makarantar marayu, ba ko sisin albashi. Shi kake zagi?

In kana zargin almundahana, nemi a karanta lissafi a bainar jama'a duk shekara, a kuma ƙayyade wa'adin shugabanni. Haƙƙinka ne. Amma fara biyan gudummawarka, ka halarci taro, sannan ka ɗaga murya.