Ƙaramin Jirgin Ƙasa Ba Abin Wasa Ba Ne

Yawancin ɗaliban sakandaren Ƙafin Maiyaki, da na Bebeji da Tudun Wada, suna iya hardace ma'anar gogayya da nauyi da ƙarfin tururi, su rubuta su daidai a jarrabawa, alhali ba su taɓa dafa tarago da hannunsu ba. Ga shi kuwa layin dogon Kano zuwa Zariya ya ratsa ta Ɗangora a ƙasar Ƙiru tun 1911. Wannan giɓi ne babba, kuma akwai hanyar cike shi: a shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo a wani wurin shaƙatawa, alal misali gidan namun daji na Audu Baƙo da ke Kano, a mai da shi aji.

Da farko dai, ƙaramin jirgi ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Faɗin dogo, watau tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu, shi ne ke raba jirage gida-gida. Tsohon layin Nijeriya ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067 ke nan. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa milimita 1,435. Amma a 1912 Turawan mulki sun buɗe wani siririn layi mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 kacal, daga Zariya zuwa Rahama, ba da nisa da iyakar Doguwa ba, sa'an nan suka kai shi Jos da Bukuru a 1914, tsawon kimanin mil 143. Sunansa Jirgin Bauci, ko da yake bai taɓa shiga garin Bauci ba. Kuza ce ta kawo shi, irin wadda mutanen Riruwai suka daɗe suna haƙowa suna narkawa tun kafin zuwan Bature.

Me ya sa aka ƙuntata shi? Domin siririn dogo yana iya shan kwana mai tsanani, saboda haka yakan kewaye dutse maimakon a fasa shi, ƙarafansa ba su da nauyi, gadojinsa ƙanana ne, kuɗin gininsa kaɗan. Amma araha ba ta ado. Taragonsa ba ya hawa babban layi, don haka duk buhun kuzar da ya iso Zariya sai 'yan dako sun sauke shi sun sake loda shi. Da babban layi ya isa Jos ta Kafancan a 1927, sai kasuwarsa ta fara mutuwa, aka rufe shi a 1957. Wasu daga cikin injunansa an ajiye su a harabar gidan tarihi na Jos. A wannan labari kaɗai akwai darasin lissafi, da na tattalin arziki, da na labarin ƙasa.

Babban darasin kuwa yana ƙarƙashin tarago. Jirgin ƙasa ba shi da sitiyari, kuma ƙafafunsa biyu a manne suke da sandar ƙarfe guda, tare suke juyawa. To, a kan kwana ƙafar waje tana da tafiya fiye da ta ciki; yaya ake yi? Asirin shi ne ƙafar ba miƙaƙƙiya ba ce: ta fi kauri ta wajen ciki, ta sirance ta wajen waje. In jirgi ya shiga kwana sai ƙafafun su ɗan zame gefe, ta waje ta hau kan kaurinta, ta ciki ta koma kan sirantarta, shi ke nan sai ya juya da kansa. Malami na iya gwada wannan da kofunan roba biyu da aka manna baki da baki, a gangara su bisa sanduna biyu. In aka manna su gindi da gindi, nan da nan za su kauce su faɗi. Haka kuma ƙarfe a kan ƙarfe gogayyarsa ba ta kai ta taya a kan kwalta ba, shi ya sa yara kaɗan za su iya tura ɗan taragon da ke ɗauke da malamansu, shi ya sa kuma jirgi ba ya son hawa, ba ya tsayawa nan take. Yaron da ya ja birki da hannunsa ya ga haka, da wuya ya yi ganganci a mararrabar dogo in ya girma.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. A Budafes, babban birnin Hungari, akwai layi mai faɗin milimita 760, kusan daidai da na Jirgin Bauci, wanda aka buɗe a 1948. Yara 'yan shekara 10 zuwa 14 ne ke sayar da tikiti, su ba da hannu, su juya makullin dogo, manya na lura da su. Tuƙi kaɗai aka bar wa manya.

Za a ce makarantar da ba ta da rufi ko kujeru ina ita ina jirgin ƙasa? Maganar tana da nauyi, kuma bai halatta a taɓa kuɗin rufi don wannan ba. Amma layin da bai wuce kilomita ɗaya ba, guda ɗaya tak, zai ishi makarantun jiha su riƙa zuwa bi da bi, kuɗin tikitin masu yawon Salla kuma ya taimaka wajen riƙe shi. Abin tsoro na gaskiya shi ne kulawa, domin an sha ganin kayan gwamnati sun zama abincin tsatsa da 'yan jari-bola. Maganin wannan shi ne kada a sayo shi ƙerarre daga waje, a yanka ƙyalle a watse. A ɗora ƙirar taragon da gyaransa a kan sashen injiniya na Jami'ar Bayero ko ta Wudil, tare da ɗaliban kwalejojin fasaha da masu walda na gari, a sa shi cikin aikin da ake ba ɗalibi maki a kansa kowane zango.

A 2021 aka aza harsashin sababbin layukan Kano zuwa Kaduna da Kano zuwa Maraɗi. Waɗannan layuka za su buƙaci direbobi da masu gyaran dogo da masu kula da sigina na shekaru masu yawa, kuma waɗanda ya kamata su riƙe ayyukan nan su ne yaran da ke zaune a aji uku a Ƙiru da Doguwa.