Layin resho ba rijiyar unguwa ba ne

Yau maganar kuran za mu yi, kuma na san akwai waɗanda ba za su ji daɗi ba.

Wata ɗabi'a ta shigo gidajenmu da shagunanmu. Mai gida ya sa an ja masa layi mai kauri zuwa madafa don resho na lantarki. Bayan wata biyu takardar kuɗin wuta ta firgita shi, uwargida ta koma gas ko itace, layi ya zauna babu aiki. Sai a kira yaron unguwa mai filaya da salatif, a ce ya tsago priz huɗu ko biyar daga nan: ɗaya na firigo, ɗaya na dutsen guga, ɗaya na butar dafa ruwa, saura na caji. Hujjar kullum guda ce, wai "layin babba ne, zai ɗauka".

E, layin zai ɗauka. 'Yar siririyar wayar da aka ɗaura masa fa?

Ku saurara da kyau. Disjonktar, wato abin nan da ke faɗuwa ya yanke wuta in kaya sun yi yawa, waya yake karewa. A ƙa'idar Faransa, wadda masu aikin wuta na ƙasar nan suka fi koyo a kanta, layin resho yana tafiya da waya mai kaurin milimita 6 da disjonktar mai amfiya 32. A kuran ɗinmu na volt 220, wannan ya kai wajen wat 7000. Priz na ɗaki kuwa waya mai 2,5 ake sa masa da disjonktar 20, ko mai 1,5 da disjonktar 16. To in ka ɗaura mai 1,5 a bayan disjonktar 32, ka ba ɗan akuya kayan raƙumi, kuma ka ce wa mai gadi kada ya yi magana. Dutsen guga, buta da ƙaramin resho in suka haɗu suna iya wuce wat 4000. Wayar za ta yi zafi, robarta ta narke cikin bango ko saman silin, shi kuwa disjonktar yana zaune abinsa, don a lissafinsa ba a kai 32 ba. Balle wayar arha, wadda in ka kankare jan da ke samanta sai ka ga farin ƙarfe a ciki.

Wani zai ce ai a Najeriya ana haɗa priz da yawa a kan babban layi. Gaskiya ne, tsarin Ingila ke nan. Amma duba kan filogin nan mai baki uku masu kusurwa: a cikinsa akwai fis, mafi girma mai amfiya 13, wanda ke ƙonewa kafin igiya ta ƙone. Mu kuma me muke yi? Mu sayo kaya daga Kano, mu yanke kan don bai shiga priz ɗinmu mai ramuka zagaye ba, mu cusa tsirarar waya mu tokare da tsinken ashana. Kariyar can mun jefar, ta nan ba mu sa ba.

Ga kuma ɗaukewar wuta. Kowa ya tuna yadda aka sha daga watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke kuran. Mun saba barin komai a jone mu kwanta. Wuta ta dawo ƙarfe biyun dare, firigo ya tashi, buta babu ruwa ta hau zafi, dutsen guga na kife kan tabarma, yara na barci. A hunturu, da iska da zana da karan dawa a jingine, kafin maƙwabta su kawo bokiti magana ta wuce.

In an yi gobara sai ka ji "kuran ɗin Nigelec ne", ko "ƙaddara ce". Mun yarda da ƙaddara. Amma aikin kamfani a kwantar ya tsaya. Abin da ke cikin gida mai gida ne ya zaɓi wanda ya yi shi, shi ya yi cinikin waya, shi ya ce a rage.

Gyaran kuwa bai kai kuɗin firigo ba. Mai son mayar da layin resho na priz, a kashe wuta daga kwantar, a cire disjonktar 32 a sa 20 in wayar priz ɗin mai 2,5 ce, ko 16 in mai 1,5 ce. In priz ɗin da yawa, a sa ƙaramin akwati a ƙarshen babbar wayar, kowane reshe da disjonktar ɗinsa, firigo shi kaɗai. A haɗa waya cikin akwati da domino, ba murɗawa da salatif ba. Madafa wurin ruwa ce, don haka a sa wayar ƙasa da disjonktar mai jin yoyon wuta na miliamfiya 30, wanda ke yankewa in kuran ya kama mutum.

Ku kuma masu aikin wuta, in mai gida ya ce disjonktar na yawan faɗuwa a sa babba, ku ce a'a ko da aikin zai kuɓuce muku. Ku ƙirga masa kayan da ya jona, ku nuna masa kaurin wayarsa.