Kada Ɗanmu Ya Fara Taɓa Kwamfuta A Ranar Jarrabawa

'Yan uwa mazauna Agege, tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, ta koma ta kwamfuta. Yaron da bai taɓa zama gaban na'urar ba, ko da ya san amsa, hannunsa na rawa lokaci zai cinye shi. Wannan shi ne halin da yawa daga cikin 'ya'yanmu, alhali kasuwar Computer Village ta Ikeja ga ta nan kusa da mu.

Shi ya sa muke goyon bayan a buɗe ajin zane da kwamfuta na yara da iyayensu, a ɗakin da muke yaƙi da jahilci. Wasu dattawanmu sun ce zane wasa ne, a koya musu buga rubutu kawai. Da girmamawa, ba mu yarda ba. Mai ɗinkin hula ƙirga zare yake yi. Mai zayyanar allon sauka yana maimaita siffa ɗaya bisa ƙa'ida, haka mai aska takwas a babbar riga, haka mai ƙunshi. Umurnin da ake ba kwamfuta ke nan: yi gaba kaza, juya, maimaita. Akwai manhajar Scratch da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, kyauta ce, yaro zai iya zana dagi da ita. Yarinyar da ta ga zanen lallen uwarta ya fito a fuskar na'ura, ta daina tsoronta.

Kuma ba alfarma muke roƙo ba. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta ilimin farko na shekara 9 kyauta, Jihar Legas kuma ta kafa dokar haƙƙin yara a 2007. Ɗan Zango yana ciki, kamar kowane yaro. Kakanninmu fataucin goro ya zaunar da su a nan, haraji kuma muna biya.

Dole iyaye mata su shigo ajin. Mun sani, in babu uwa a wurin, ba za a bar 'ya mace ta zo ba, talla za a ɗora mata. A sa shi ranar Alhamis da yamma, lokacin da makarantun allo ke hutu. Abin da muke nema wurin 'yan kasuwarmu shi ne tsofaffin kwamfutoci da sola, don wutar NEPA ba abin dogaro ba ce. Mai niyya ya samu sakatare bayan sallar Juma'a.