Zafin Injin Niƙa Roba da Gurbin da Nazarin Hausa Ya Bari a Daura

Sunan Daura a wurin manazarcin Hausa yakan zo ne tare da rijiyar Kusugu da tarihin Bayajidda da jerin sarakuna mata. Wannan gado ya sha nazari, kuma ya cancanci hakan. Sai dai a Daura da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure da Sandamu akwai wata Hausar da ake yi kullum a bakin inji, wadda ba ta samu ko kashi ɗaya cikin goma na wannan kulawa ba. Ita ce Hausar mai injin niƙa da bakanike da mai naɗa kwayil da ɗan jari-bola. Injin niƙa roba, wanda ke daddatsa tsofaffin bokitai da jarkoki da gorunan ruwa kafin a kai su masana'antun Kano irin na Sharaɗa da Dakata a narkar, misali ne mai kyau na abin da wannan sakaci ke jawowa.

Babbar cutar wannan inji ita ce zafi. Tsarinsa ba mai wuyar fahimta ba ne: motar lantarki tana juya wani gungumen ƙarfe mai ɗauke da wuƙaƙe, waɗannan wuƙaƙe suna giftawa ta gaban wasu da ke kafe, roba tana yankuwa a tsakaninsu, sannan gutsattsarin su faɗo ta ramukan rariyar ƙarfe da ke ƙasa. Idan komai na tafiya daidai, yanka ake yi. Da zarar wuƙa ta dakushe, ko tazarar da ke tsakanin mai juyawa da kafaffiya ta buɗe fiye da kima (a yawancin injuna ba ta kai milimita ɗaya ba), sai yanka ya koma murza da yaga. Murza kuwa zafi take haifarwa. Robar leda tana narkewa ne a wajajen digiri 105 zuwa 115, kuma tana yin laushi tun kafin a kai nan. Sai ta manne a rariya ta toshe ramuka, abin da aka niƙa ya rasa mafita, ya yi ta zagayawa a ciki yana ƙara zafi, motar kuma ta riƙa jan wutar da ta fi ƙarfinta.

A nan ne yanayin ƙasar Daura ya shigo. Galibin motocin lantarki na masana'antu an ƙera su ne bisa ƙa'idar cewa zafin wurin da za su yi aiki ba zai wuce digiri 40 ba. A bazara, tsakanin Maris da Mayu, zafin rana a arewacin Katsina yakan kai wannan iyaka har ya haura ta, balle a cikin rumfar kwano da tsakar rana. Ke nan injin ya cinye rarar da aka ba shi tun bai fara aiki ba. Masana lantarki suna da wani ƙiyasi sananne: duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka ƙayyade yana rage rayuwar rufin wayar kwayil da kusan rabi. Hunturu ma bai bar injin ya huta ba, domin ƙura tana cike tsagogin jikin motar da murfin fankarta, iska ta kasa ratsawa. Ga kuma rairayi da ke maƙale a jikin robar da aka tsinto daga bola da kwata, wanda ke cin kaifin wuƙa fiye da robar kanta.

Abin da ya shafi manazarcin harshe shi ne, duk waɗannan matsaloli sukan taru a jimla guda a bakin mai aiki: inji ya ɗau zafi. Jimlar daidai take, amma ta haɗe cututtuka da dama waɗanda magungunansu suka saɓa wa juna. Zafin boris daban ne da zafin kwayil, kuma dukansu daban ne da zafin ɗakin yanka. Boris yakan yi zafi don rashin giris, yakan kuma yi zafi don an cika masa giris fiye da kima, abin da da yawa ba su yarda da shi ba sai sun gani. Bel idan ya saki yana zamewa ya yi zafi, idan an ɗaure shi tamau kuma boris ne zai ɗauki wahalar. Kwayil yana ƙonewa idan ƙarfin wuta ya ragu, ko layi ɗaya cikin ukun da ke ciyar da motar ya yanke alhali tana cikin aiki. Wanda ba shi da kalmomin da zai bambanta waɗannan, zai watsa wa injin ruwa ya jira ya huce, ya sake kunnawa, cutar na nan. Mafi muni shi ne a gaji da na'urar kariya da ke katse wuta idan nauyi ya yi yawa, a tsallake ta da waya don aiki ya ci gaba. Ƙarshen wannan dabara sananne ne: kwayil ya ƙone, jari ya tsaya, yaran da ke cin abinci a wurin su koma gida. Idan kuma robar bututu ce irin ta PVC ta yi zafi sosai, hayaƙin da take fitarwa yana cutar da ido da huhu.

Za a iya cewa wannan aikin injiniyoyi ne, ba na sashen Hausa ba. Hujjar tana da ƙarfi ta fuska ɗaya, domin ba a sa ran masanin nahawu ya saita wuƙa. Amma takardar bayanin da ke zuwa da injin, idan ma ta zo, da Turanci take ko da Sinanci, wanda ke tsaye a gaban injin kuwa da Hausa yake tunani. Tsakanin ilimin injiniya da hannun mai aiki akwai gada, kuma harshe ne gadar. Magabata ba su ɗauki irin wannan aiki a matsayin ƙasƙanci ba. Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah don bayyana kimiyyar halitta da Hausa. Hukumar NORLA a Zariya ta buga ƙananan littattafai na amfanin yau da kullum a shekarun 1950. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin maƙera da masaƙa da marina, domin an je an tambayi masu sana'ar ne a inda suke. Daga baya hankali ya fi karkata ga keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi, kamar yadda aka gani a littafin Hausa Metalanguage na 1990. Aiki ne mai amfani, sai dai malamai ne suka yi wa malamai.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara da sauraro, ba da ƙirƙira ba. Kwamitin da zai zauna a ofis ya ƙaga wa boris sabon suna mai gaɓa bakwai ɓata lokacinsa zai yi, domin boris da giris da kwayil da bel sun riga sun zauna a baki, sun bi tsarin sautin Hausa, suna ɗaukar madanganci da nasaba kamar kowace kalma. Abin sha'awa ma shi ne yadda tsofaffin kalmomi suka samu sabon aiki: wuƙa da kaifi da wasawa daga maƙera, rariya daga tankaɗen gari, ci da shaƙewa da gajiya daga jikin ɗan Adam. Inji yana ci, yana ƙwarewa idan an ɗura masa da yawa, yana kuka idan boris ya lalace. Wannan fage ne na nazarin ma'ana da aron kalmomi da ya isa a yi digiri a kansa. Ƙirƙira tana da gurbi, amma sai inda aka tabbatar akwai giɓi, kamar bambanta ƙarfin wuta da yawan wutar da mota ke ja, abubuwa biyu da kalmar wuta ita kaɗai ba ta rabewa, alhali raba su ne ke bayyana dalilin da ya sa raguwar ɗaya ke ƙara ɗayan har kwayil ya ƙone.

Daura tana da kayan aikin a hannu. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin a 2019, a ƙarshen shekarar ne kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, akwai cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Ɗalibin Hausa ɗaya da ɗalibin injiniya ɗaya, da na'urar ɗaukar murya, za su iya zagaya masu injin niƙa da masu naɗa kwayil a zangon karatu guda, su fito da jerin kalmomi da ɗan littafi mai shafi 20 da hotuna. Tun da ba kowane mai aiki ke karanta boko ba, sai a yi shi da ajami kuma a ɗauke shi da murya don a riƙa turawa ta waya, wanda hakan zai sa ya tsallaka Kwangwalam ya isa ga masu sana'ar a ƙasar Damagaram. Abin da zai ƙunsa ba mai yawa ba ne: a ware ƙarfe da duwatsu kuma a kakkaɓe rairayi kafin a zuba, a zuba kaɗan-kaɗan, a duba rariya kafin a zargi mota, a share ƙurar fanka, a mayar da aiki mai nauyi zuwa safiya da yamma a lokacin bazara, kuma a katse wuta gaba ɗaya kafin hannu ya shiga ɗakin yanka.